Furera Mai Ƙuli Ta Kai Ƙarar Ubanta

A Rafindaɗi idan aka ce Furera mai ƙuli ba a tambayar wacce. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan dariya, man gyaɗarta kuma ba ya kumfa a kasko, shi ya sa masu tuyar ƙosai na unguwar ba sa sayen na kowa sai nata. Shekarunta ashirin da uku yanzu. Amma tsofaffin unguwar ba da mai suke tuna ta ba. Ita ce yarinyar da ta kai ƙarar ubanta tana 'yar shekara goma sha shida.

A wata ruga aka haife ta, can bayan Batagarawa, tafiyar kusan awa guda a ƙafa daga bakin titi. Ubanta Lado Bafulatani ne zaunanne, yana da garke daidai gwargwado da gonar gero. Uwarta Hajara. Furera ce ta fari, kuma a danginsu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Uba ba ya kama sunansa, ba ya kallonsa ido cikin ido, ba ya tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Uwa kuwa ta fi uban tsanani. Da aka yaye Furera sai Lado ya yi abin da aka yi masa shi ma yana ƙarami, ya ba da ita riƙo. Ƙanwar ubansa, Goggo Laraba, ita ta zo ta goye ta, ta kawo ta birni.

Aure ne ya kawo Goggo Laraba Katsina tun da ƙuruciya. Mijinta ya rasu bai bar ta da ɗa ba. Ƙanensa Malam Almu, tsohon malamin Arabiyya da ya yi ritaya, shi gidan ya koma hannunsa, ya ce ta zauna a ɗakinta har ranar da Allah ya yi nasa ikon. Ɗaki ne na ƙasa a ƙuryar gida, da ɗan rumfar kwano a gabansa inda take hura wuta. A ƙarƙashin rumfar nan Furera ta yi wayo, cikin hayaƙi da ƙamshin soyayyiyar gyaɗa.

Sana'ar ƙuli ba ta mutum ɗaya ba ce. A sayo ɓararriyar gyaɗa a Babbar Kasuwa, a tsince ta, a soya, a murje, a fece ɓawon, a kai inji a markaɗo. Sannan a zuba a turmi ana yayyafa ruwan zafi ana juyawa da taɓarya har mai ya taso, a kwashe, a matse tunkuza, a zauna murza ƙuli ɗaya bayan ɗaya, a soya shi cikin mansa. Goggo ke tsinta da suya da murzawa da rana. Furera in ta dawo makaranta ita ke zuwa inji, ita ke juya turmi, ita ke kai wa masu shago. Ba su yi arziki ba, ba su kuma taɓa kwana da yunwa ba.

Goggo ba ta ga wani amfanin boko ba. Ta sa Furera makaranta ne don kada a ce 'yan gidan Malam Almu suna tafiya da safe, 'yar riƙo tana zaune tana tsintar gyaɗa. Furera ba haziƙa ba ce, amma ba ta fashi, kuma abin da ta riƙe ta riƙe. Tun tana aji uku na sakandare ta tsayar da abin da take so. Ta ga matan da ke aiki a ƙaramin asibitin unguwa, ta tambaya, aka ce mata sai da takardar gama sakandare ake shiga makarantar koyon aikin. Ta sa wannan a ranta ba ta gaya wa kowa ba.

Kowace kaka, idan an cire amfani, Babaji ƙanen Lado yakan iso ƙofar gida da buhun gero biyu da ƙwaryar man shanu. Abin da yake faɗa bai taɓa canzawa ba: saƙon Goggo ne, in ji Lado. Furera ta ɗauka ɗan wa ne yake kyautata wa goggonsa, ba ta taɓa kawo wani abu a ranta ba. Shi kansa Lado sau biyu yake zuwa a shekara, ya zauna a zaure, Goggo ta fita su gaisa. Furera ta kai ruwa ta ajiye, ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa yana kallon bango. Ta fi sanin ƙeyarsa a kan fuskarsa. Abin bai dame ta ba, don ta san haka ake yi.

Goggo Laraba ta rasu a ƙarshen damina, Furera ba ta daɗe da shiga aji biyar ba. Jinyar kwana huɗu ce. Lado ya zo da mutanensa ya yi zaman makoki kwana uku a zaure, bai shiga cikin gida ba. Ranar da za su koma Babaji ya leƙo rumfa ya ce wa Furera in tana son dawowa gida, gida yana nan. Ta ce tana son ta gama makaranta tukuna, daga ruga kuwa babu yadda za ta riƙa zuwa. Babaji ya ce to, zai faɗa. Malam Almu ya ce ɗaki ba ya hana kowa komai, ta zauna. Matarsa Hajiya Hauwa'u ta ce a riƙa miƙa mata tuwon dare. Ba su iya fiye da haka ba, gida ne mai baki da yawa, fanshon malamin makaranta kuma kowa ya san girmansa.

Haka Furera ta zama mai kanta. Ita ke auna gyaɗarta, ita ke sayen itacenta da sabulunta da littattafanta. Kaka ta zo ta wuce, aka gama sussuka a ko'ina, buhu bai zo ba. Ta ce a ranta daidai ne, mai saƙo ta mutu.

Aikin mutum biyu ya dawo kan mutum ɗaya, sai makaranta ta fara biya. Da farko Litinin kaɗai take fashi don ta gama suya. Daga baya ta haɗa da Talata. Ranakun da take zuwa ma barci ke sace ta a aji, hannuwanta duk ƙuna. Wata shida da rasuwar Goggo shugabar makaranta ta kira ta ofis, ta buɗe mata rajista ta nuna mata layin sunanta, ta ce wanda bai cika kwanakin zuwa ba ba zai haye aji shida ba, kuma a yadda take tafiya ba za ta cika ba. Furera ta yi lissafin abin a hanya tana komawa gida. In ta bar ƙuli sai Asabar da Lahadi, ba za ta sami na abinci ba. In ta ci gaba yadda take, makaranta ta ƙare. Abin da take bukata shi ne wani ya ɗauki cinta na shekara ɗaya da rabi, kuma tana da uba da ransa da shanunsa.

Ta fara tambayar Malama Haulat, mai koya masu fiƙihu a Islamiyya, bayan an tashi. Ba ta ce ita ce ba, ta ce wata ƙawarta ce. Yarinya ba ta yi aure ba, tana zaune ita kaɗai ba a gidan ubanta ba, shin tana iya neman ya ciyar da ita? Malama ta ce ci da sha da suturar ɗiya mace suna wuyan ubanta har ranar da aka kai ta ɗakin miji, kuma tunda ba gudowa ta yi ba, shi ya ajiye ta inda take, haƙƙinta bai faɗi ba. Sannan ta dubi hannuwan Furera ta ce ta gaida ƙawar tata.

Saura yadda za a nema. Ba ta taɓa yin magana da ubanta ta wuce gaisuwa ba, ba shi da waya, Babaji kuma sai kaka ake ganinsa. Wata 'yar ajinsu, Rashida, ta ce akwai wani ofishi da ke sauraron koken mata da yara, uwarta ta taɓa zuwa, takarda kawai suke rubuta wa mutum sai ya shiga taitayinsa. Furera ba ta shawarci Malam Almu ba. Tana ganin tuwon dare da ɗaki sun isa ɗawainiya, in ta kai masa kuka zai zaci ƙari take nema. A zatonta kuma takardar tunatarwa ce za a aika, Lado ya ji, ya aiko.

Jami'ar da ta same ta matashiya ce mai gilashi, Anti Sadiya ake ce mata, mai saurin magana da saurin rubutu. Ta tambayi shekarunta, da inda take kwana, da ko uban yana da hali. Da ta ji yana da garke sai ta ajiye biro ta ce wannan ai zalunci ne, yaron da bai kai sha takwas ba nauyinsa yana kan iyayensa ko a ina yake kwana. Ta rubuta takardar gayyata, ta sa ranar Talata ta sama.

Takardar ta bi ta hannun mai gari, ta bi ta hannun arɗo, kafin ta isa ruga. Wanda ya karanta wa Lado ita bai fahimci komai ba sai cewa gwamnati tana nemansa a birni. Lado ya kwana biyu yana tambayar 'ya'yansa ko shanu sun shiga gonar wani. Ranar Talata ya sa rigarsa ta Sallah, ya ɗauki Babaji, suka zo.

Sai da ya gama doguwar gaisuwarsa ya zauna, sannan ya ga wadda ke kujerar da ke fuskantarsa. Ya miƙe zumbur, ya ja kujerarsa ya juya ta wajen taga, ya koma ya zauna ya ba su gefe. Anti Sadiya ta dube shi ta saman gilashi.

"Malam Lado, ka san wannan yarinyar?"

Lado ya ci gaba da kallon taga. Babaji ya gyara murya ya ce, "Ranki ya daɗe, ta wajen Goggo ce, Allah ya jiƙanta."

"Ba kai na tambaya ba, Malam. Shi nike tambaya. Ɗiyarka ce ko ba ɗiyarka ba ce? Faɗi mani sunanta in rubuta."

Lado ya sa wa takalmansa ido. Ta maimaita har sau uku. Ya ce wani abu gajere da Fulatanci, Babaji ya sunkuyar da kai bai fassara ba. Jami'ar ta ce ta ga irinsa da yawa, a haifi ɗa a jefar, ranar tambaya a zama kurma, kuma in ba zai amsa a nan ba zai amsa a gaban alƙali. Lado ya tashi, ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya fita. Babaji ya bi shi.

Furera ta san ba ya kama sunanta. Amma ta ɗauka a gaban hukuma, ga maganar ci da yunwa, zai iya cewa e, kalma ɗaya tak. Ta fito daga ofishin tana ganin ta sami amsarta. Anti Sadiya ta ce ta dawo bayan mako biyu a shirya takardun kotu.

Kafin la'asar labari ya riga ta zuwa gida, don Babaji ya biya ta zauren Malam Almu. Hajiya Hauwa'u ta same ta a rumfa tana fece gyaɗa, ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna ba tare da an yi mata tayi ba.

"Ke Furera, shekara goma sha huɗu kina ɗakin nan. Tsohuwar da haƙoranta huɗu, cikinta kamar na kyanwa, ita ke cinye buhu biyu? Geron nan na wa kike zato?"

Furera ta tsaya da faifai a hannu.

"Naki ne, sakarya. Sunanta kawai ake arawa. Ubanki ba ya iya cewa a kai wa ɗiyata, sai ya ce a kai wa Goggo."

"To ita ta mutu, Hajiya, ni ban mutu ba."

"Shi ya sa ake neman mai rai a ari sunanshi. Ga Malam can zaure kullum yana gyangyaɗi kan buzu, ba ki gan shi ba sai ofis."

Furera ta ce uban nata ai shi ne babba, ya fi ta sanin hanya, me ya hana shi neman mai ran. Hajiya ta ce wannan kuma gaskiya ce, amma ba ita za ta gaya masa ba.

Bayan kwana biyu Babaji ya dawo, aka kira Furera zaure. Ta zauna daga bakin ƙofa. Babaji ya ce duk rugar ta ji, Lado ko masallaci bai sake zuwa ba. Saƙonsa shi ne, ranar sunanta ya ba ta karsana kamar yadda ake ba kowane ɗa, karsanar ta yi albarka, yanzu kai huɗu ne a garke da sunanta: shanu mata biyu, da karsana, da bijimi. In haƙƙi take nema, ta turo wanda zai kora su, shi ke nan an rabu lafiya. Ba sai an yi wa Furera bayani ba. Wanda aka fitar da shanunsa daga garken gida, shi ma an fitar da shi.

Ba wannan ne ya fi tsaya mata ba. Wata shida tana shan gari da ƙuli da rana, ashe tana da shanu huɗu.

Malam Almu ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce Malama Haulat ta faɗi gaskiya, amma bisa abin da aka gaya mata. Uba yana ciyar da ɗa ne daga aljihunsa idan ɗan ba shi da komai. In yaro yana da dukiya, daga cikinta ake ciyar da shi, uban ne kuma ke da alhakin yin hakan. Don haka ta yi daidai da ta nema, ta yi kuskuren ƙofa. Sannan ya juya wajen Babaji ya ce ya gaya wa yayansa kunya al'ada ce mai kyau, amma ba ta sauke wajibi, kuma babu littafin da ya ce a bar yarinya wata shida ba a san abin da take ci ba. Ya ƙara da cewa shi ma da yake gida ɗaya da ita bai tambaya ba, Allah ya yafe masu duka.

Furera ta ce ba za ta kori shanu ba, ba ta da inda za ta ɗaure su. A sayar da ɗaya a riƙa ciyar da ita har ta gama makaranta, sauran su zauna inda suke. Kuma tana son ta gan su.

"Gani kuma? Sai ka ce dillaliya," in ji Babaji.

"Baffa, gyaɗar mudu ɗaya ma ba na saye sai na duba."

Malam Almu ya ce a kai ta.

Ranar Asabar da safe ta hau mota a Ƙofar Ƙwaya ta sauka Batagarawa, Babaji ya ɗauke ta a babur. Bazara ce, gonaki fayau, ko'ina kara da ƙasa. Rabonta da rugar tun bikin wata ƙanwar uwarta, shekara biyar. Da jin ƙarar babur Hajara ta ɗauki ƙwarya ta shige bukkar maƙwabta, Furera bayanta kawai ta hango. Matar Babaji ce ta shimfiɗa mata tabarma ta kawo kindirmo. Ƙannenta da ba ta san sunan rabinsu ba suka tsaya nesa suna kallon takalmanta.

Ba a riga an saki shanu ba. Lado yana tsaye a bakin garke da sandarsa a kafaɗa. Babaji ya tsaya kusa da shi, Furera ta tsaya taku uku a bayansu. Ta durƙusa ta yi gaisuwa, aka amsa wa shanu. Sannan Lado ya sauke sanda ya fara nuni, yana yi wa Babaji magana da Hausa, da muryar da ta fi ƙarfin kunnen mutum ɗaya. Waccan ja mai karyayyen ƙaho, ɗiyar karsanar farko ce. Waccan fara ƙanwarta ce, tana da ciki. Ga karsana can bayan turke. Ga bijimin. Babaji yana ta cewa to, to, kamar bai san su ba, alhali shi ke kai su rafi.

Furera ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ba ta san komai game da shanu ba, amma ta san wanda ba ya haihuwa.

"Baffa, ka ce a sai da bijimin."

Babaji ya buɗe baki zai maimaita, Lado ya riga shi.

"Ka ce ma mutanen birni su dubi haƙarƙarinshi. Wa ke kai shi kasuwar kara a bazara? Mahauta su yi mani dariya su saye shi kuɗin akuya. A bari ruwa ya sauka ya ci ciyawa."

"Ka ce makaranta ba ta jiran ciyawa. Ran Litinin ake kiran suna."

Babaji ya dubi wannan, ya dubi waccan ta gefen ido, ya ga babu mai bukatarsa sai don tsayuwa. Lado ya shiga garke, ya shafa bayan bijimin, ya ɗaga leɓensa ya duba haƙora, ya daɗe a wurin. Da ya fito sai ya ce wa Babaji bijimin nan ba ya fita garkensa da wannan ramar, ko na wane ne. Tumakinsa uku za su tafi kasuwa jibi, in sun ƙare a kama wasu. Ko tausayi ne ya sa, ko baƙin cikin makiyayi na ganin an yi asarar dabba, babu wanda ya tambaye shi, shi ma bai faɗa ba.

Furera ta ce, ta bakin Baffa, saura gero. Lado ya nuna wani ƙaramin rumbu da sanda ba tare da ya waiwaya ba. Ya ce dammunan Goggo suna ciki tun kaka, an ware su kamar kowace shekara, ba a sussuka ba don ba a san ƙofar da za a kai ba. Babaji ya ce Malam Almu ya ce ƙofarsa a buɗe take. Lado ya ce to mata su fara sussuka yau, kuma a gaida Malam, a ce masa saƙonsa yana tafe.

Har ta juya za ta tafi ya sake magana, a hankali wannan karon.

"Takardar gwamnati fa? Tambaye su."

"In gero ya iso zan je in janye," in ji Furera.

Babaji ya riƙe baki. Lado ya yi wani ɗan tari, ya ce da Babaji ya kai baƙi titi kafin rana ta yi zafi, ya kwance igiya ya fara sakin shanu.

Ranar Alhamis buhu biyu suka iso Rafindaɗi, da ƙullin kuɗin tumaki, saƙon Malam Almu in ji Lado. Ƙwari sun ɗan taɓa geron, sai da aka sheƙe shi sosai. Malam Almu ya karɓa a zaure da godiya kamar nasa, ya sa aka wuce da shi ƙuryar gida. Washegari Furera ta je ofishin kafin a tashi Juma'a ta ce ta janye. Anti Sadiya ba ta ji daɗi ba. Ta ce ba a rubuce ba, babu shaida, ranar da ya ga dama zai daina, kuma mutumin da ya kasa buɗe baki ya ce ɗiyata ce ba abin yarda ba ne. Furera ta ce haka ne, in ya daina ta san hanyar ofishin. Ta sa hannu ta fito.

Bai daina ba. Duk wata biyu Babaji yakan zo da saƙon Malam, wani lokaci da kauri, wani lokaci ba yabo ba fallasa, gwargwadon kasuwar tumaki. Furera ta mayar da ƙuli Asabar da Lahadi, ta cika kwanakinta da ƙyar, ta haye aji shida. Abin da ta rasa shi ne zuwan Lado zaure sau biyu a shekara. Tun ranar ofishin bai sake taka Rafindaɗi ba, kuma a rugarsu har yanzu akwai matan da ba sa amsa gaisuwarta da sakin fuska.

Ta zauna jarrabawa ta ci komai sai lissafi. Ta sake shi shekara mai zuwa da kuɗin ƙulinta, don ta ce yarjejeniyar ta gama sakandare ce, kuma ta gama. A karo na biyu ta haye. Ta yi makarantar koyon aikin lafiya, yanzu tana awon jarirai da rubuta katin rigakafi a wani ƙaramin asibiti daga safe zuwa azahar. Albashin ba ya kai ta ƙarshen wata, don haka da la'asar takan cire farar riga ta hura wuta.